Rumbu Naka, Makulli a Hannun Wani: Wannan Wace Irin Ajiya Ce?

 Yau ba labari na zo da shi ba, masu jiran ci gaban littafi su yi mini afuwa zuwa wani makon. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga idan ban amayar da ita ba ba zan samu sukuni ba. Maganar kuwa ba ta wuce ta inda muke ajiye rubutunmu ba, da kuma wanda yake riƙe da makullin wurin.

A 'yan shekarun nan duk inda marubuta suka taru, da zarar wani ya yi kukan wayarsa ta faɗa ruwa, ko kwamfutarsa ta ƙone da babi goma a ciki, sai ka ji wani ɗan gaye ya ɗage kafaɗa ya ce, "Ai kai ka so, me ya hana ka ɗora a kilawud?" Wai gajimare ke nan da Hausa. Idan ka ce kai ba ka yarda da ajiya a gidan wani ba, sai ya gyara zama ya ce, "To sayi akwatin ajiya mana ka kafa a ɗakinka, ka samu gajimarenka na kanka, ka riƙa buɗewa daga ko'ina a duniya." Wannan shawara ta biyu ita ta fi tsaya mini a rai, domin ta yi kama da gaskiya alhali akwai lauje cikin naɗi. Akwatin da ka saya da guminka, yana zaune a ɗakinka, yana shan wutarka, amma ba ka isa ka leƙa cikinsa daga waje ba sai ka bi ta zauren kamfani, wannan akwati rabinsa ne naka. Rumbun naka ne, makullin na wani ne. Abin da na zo faɗa ke nan, kuma zan kawo hujja.

Da farko dai babu wani gajimare. Manyan kwamfutoci ne jibge a cikin wasu gine-gine a Amurka da Turai da sauran wurare, waɗanda masana harkar suke kira uwar garke. Akwai mai su, akwai ma'aikata, akwai kuɗin wuta da ake biya duk wata. Ranar da mai su ya buga lissafi ya ga babu riba, kashewa zai yi. Mu kuwa Hausawa mun san halin gajimare, da hantsi ya haɗu, kafin azahar iska ta watsa shi.

Shi kuma akwatin ajiya na gida wata 'yar kwamfuta ce mara fuska, da faifan ajiya ɗaya ko biyu a cikinta. Ana jona ta da waya a jikin na'urar da take raba intanet a gida, wadda muke ce wa rawuta. Daga nan duk wayar hannu ko kwamfutar da take kan wayifai ɗin gidan za ta iya zuba kaya a ciki ta kuma ɗiba. Har nan lafiya lau. Matsalar tana farawa ne ranar da ka bar gida. A ce kana Abuja wajen taro, ko kina Maraɗi wajen biki, mai buga littafi ya kira ya ce a turo babi na goma sha biyu yanzu-yanzu. Wayarka ba ta san hanyar gidanku a intanet ba. To a nan ne kamfanin da ya sayar maka da akwatin yake shigowa a matsayin dillali. Akwatin yana kiran uwar garken kamfani dare da rana yana cewa ga ni nan. Kai kuma ka buɗe manhajar kamfanin a wayarka, ka sa suna da kalmar sirri, kamfani ya duba rajistarsa ya haɗa ku. Abin gwanin daɗi, ba ka sha wahalar komai ba. Amma ka lura, ko gaisawa ba ka iya yi da kayanka sai dillali yana tsakani. Ranar da dillali ya rufe shago, akwatin yana nan garau, fitilarsa tana ci, rubutunka ko wasali bai goge ba, amma hanya ta toshe.

Kada wani ya ce ƙirƙira nake yi irin tamu ta masu ƙagaggun labarai. Ga su nan da shekarunsu. Akwai wani ɗan akwati mai suna Pogoplug da ya fito a Amurka a 2009, aka yi ta yayinsa saboda araha da sauƙi. A watan Satumba na 2017 kamfanin ya rufe hidimarsa, hanyar shiga daga nesa ta tafi tare da shi. A 2018 kamfanin Seagate, wanda ba ƙaramin giwa ba ne a harkar faifan ajiya, ya yanke hanyar shiga daga nesa ta akwatunansa samfurin Seagate Central da GoFlex Home. A 2022 Western Digital ya yi haka ga tsofaffin akwatunansa na My Cloud: daga ranar 15 ga Afrilu na wannan shekara, waɗanda ba za su iya ɗaukar sabuwar manhaja ba sai dai a buɗe su a cikin gida kawai. Me aka ba masu su? Rangwamen kashi 20 cikin ɗari, wai su je su sayi sabo a wurin wanda ya rufe musu ƙofa. A 2023 Netgear ma ya rufe tasa hidimar mai suna ReadyCLOUD. Kamfani huɗu ke nan a cikin shekara shida. Abin da ya faru sau huɗu ya tashi daga tsautsayi, ya zama halin kasuwar.

Wanda ya fi ɗaure kai ya faru ne a watan Afrilu na 2023. 'Yan dandatsa suka kutsa cikin kwamfutocin Western Digital, kamfanin ya kashe hidimarsa ta My Cloud har kimanin kwana 10. Masu akwatin My Cloud Home suka wayi gari ga akwati a gabansu a kan tebur, suna iya shafa shi da hannu, amma ya ƙi buɗuwa, domin an tsara shi ne yadda ko kana zaune a gefensa sai ya nemi iznin kamfani kafin ya karɓe ka. Sai bayan kwanaki kamfanin ya fito da bayanin yadda mutum zai kunna hanyar shiga ta cikin gida. Jama'a, ku duba mini wannan. Kana cikin ɗakinka, da kayanka, amma sai wani da ke bayan teku ya ce bismilla kafin ka taɓa. Ko ɗan haya ba a yi masa haka.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, shi ne na akwatin My Book Live, na kamfanin nan dai. Tun 2015 aka daina yi wa manhajarsa gyara, amma mutane suka bar shi a jone da intanet, tunda yana aiki, wa zai taɓa abin da ke aiki? A watan Yuni na 2021 wasu suka gano ɓaraka a jikinsa, suka aika masa umarni daga nesa cewa ya mayar da kansa yadda ya fito daga kwali, wato ya share komai. Mutane suka kwana da hotuna da takardu na shekara da shekaru, suka tashi da akwati wayam. Shawarar farko da kamfanin ya bayar ita ce a zare shi daga intanet. Darasin a nan biyu ne. Idan kamfani ya janye, hanya ce take toshewa ga mai kaya. Idan kuma ya janye ya bar ƙofa a buɗe babu mai gadi, hanya ce take buɗewa ga ɓarawo.

Na san abin da masu kare su za su ce. Za su ce kamfani ba gidan marayu ba ne, ba zai yi ta biyan kuɗin uwar garke har abada saboda akwatin da ya sayar shekara goma baya ba. Na yarda. Za su ce an rubuta a cikin sharuɗɗa, kai ne ka danna ka amince ba ka karanta ba. Wannan ma na ji. To amma me ake faɗa a talla? Cewa ake yi kayanka a hannunka daga ko'ina. Ba a cewa zuwa shekara kaza. Idan mutum ya sayar maka da gida ya karɓi kuɗinsa cas, bayan shekara bakwai ya zo ya ja katanga a bakin lungun ya ce lungun dama nasa ne, wane alƙali ne zai ce ya kyauta? In haya ce a ce haya ce, a rubuta wa'adin a jikin kwali yadda ake rubuta ranar lalacewa a jikin gwangwanin madara, wanda ya ga zai iya ya saya. In kuma za ka janye, to ka bar wa mutane damar fasa tasu hanyar, kada ka ƙera akwati yadda ba ya jin maganar kowa sai taka.

Sai dai zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Haushina ya fi yawa a kanmu mu marubuta, domin an sha yi mana wannan wanka amma ba mu ɗauki darasi ba. A farkon shekarun 2000 marubuta da manazarta sun tafka muhawarori a zaurukan Yahoo irin su Marubuta da Finafinan Hausa, muhawarorin da ko littafi aka yi da su sai an yi mujalladi. A ƙarshen 2019 Yahoo ya fara kwashe abin da aka tara a zaurukansa, ranar 15 ga Disamba 2020 ya rufe su gaba ɗaya. Wanda ya kwafe ya tsira da nasa, wanda bai kwafe ba sai dai labari. A 2019 MySpace ya amsa da bakinsa cewa waƙoƙi kimanin miliyan 50 sun salwanta a hannunsa wajen sauya uwar garke. Na kusa-kusan nan shi ne OkadaBooks, kasuwar da marubutan Hausa da dama, musamman mata, suka baje hajarsu a ciki. Ranar 30 ga Nuwamba 2023 ta rufe bayan shekara goma. Duk da haka yau za ka samu marubuciya ta yi wata shida tana buga littafi da babban yatsa a waya, tana tura shafi-shafi a guruf ɗin WhatsApp, kuma cikakken kwafinsa guda ɗaya ne tak a duniya, a cikin wayar da jaririnta yake wasa da ita.

Ku tuna da littattafanmu na takarda da aka yi ta yi wa dariya, wai adabin kasuwa, wai takardar ƙosai. A 2007 gwamnatin Kano ta wancan lokaci, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta tara littattafan Hausa ta cinna musu wuta a bainar jama'a. Shin labaran sun mutu? Ba su mutu ba, domin kowane littafi yana da 'yan'uwa dubbai, wani a ƙasan adakar wata amarya a Gusau, wani a shagon mai haya a Zinder, wani a jakar ɗan makaranta a Kumasi. Babu wani mutum ɗaya, komai ƙarfinsa, da yake riƙe da makullin dukkansu. Wannan shi ne ƙarfin da muke da shi a da, shi ne kuma muke sayarwa yau da sunan ci gaba. Abin da ashana ta kasa yi wa takarda, yau danna maɓalli ɗaya a wani ofis zai yi wa rubutunmu.

To ba kuka kawai na zo yi ba, akwai mafita. Wanda yake da irin wannan akwati, ko yake shirin saya, ya fara da gwaji guda. Ka raba rawutarka da intanet, ka bar wayifai ɗin gida kawai, sannan ka gwada buɗe akwatin daga kwamfutarka kamar yadda kake buɗe filashi. Idan ya buɗe, naka ne, domin yana jin yaren raba kaya na gama-gari da kowace kwamfuta ta sani, wanda ake kira SMB. Idan ya ce sai ya ga kamfani, to ka kwashe kayanka tun da sauran rana. Akasarin tsofaffin akwatunan da na lissafa a sama suna cin wannan jarrabawa, shi ya sa ba sai an jefar da su ba. Hanyar waje kawai za a sake musu.

A nan ne zan ja kunne. Za ka samu yaron da zai ce maka abu ne mai sauƙi, a buɗe wa akwatin ƙofa a jikin rawuta yadda za a riƙa shiga kai tsaye daga intanet. Kada ka yarda. Akwai na'urorin 'yan dandatsa da ba su da aiki dare da rana sai zagaya intanet suna tura kowace ƙofa su ga wadda za ta buɗe. A watan Janairu na 2022 wata muguwar manhaja mai suna DeadBolt ta afka wa akwatunan kamfanin QNAP da aka bari a fili irin haka, ta ƙulle kayan mutane, aka ce sai kowa ya biya kuɗin fansa 0.03 na bitkoyin. Garkuwa da mutane muka sani, ga garkuwa da littafi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kai kuma da hannunka za ka tsaga?

Banda haka ma, a wurinmu wannan dabara sau da yawa ba ta ci. Adireshin intanet na tsohon tsari bai wuce biliyan 4.3 ba a duniya duka, ya yi wa jama'a kaɗan. Saboda haka kamfanonin layin waya suke tara mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya, kamar gidan haya mai lamba ɗaya a ƙofa da ɗakuna barjat a ciki. Kai kana iya fita ka dawo, amma baƙon da ya zo daga waje bai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba. Tunda galibinmu da layin waya muke samun intanet a gida, to a irin wannan gidan haya muke zaune.

Hanyar da ta dace ita ce VPN, amma taka ta kanka. Kun san sunan tun lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Waccan da aka yi ta saukewa ta aro ce, aikinta ta fitar da kai ta wata ƙasa. Wadda nake nufi ɓoyayyar hanya ce daga wayarka zuwa ɗakinka, duk abin da ya bi ta cikinta a ƙulle yake, wanda ba shi da makulli ko alamar ƙofar ba zai gani ba. Da ka kunna ta kana Abuja, wayarka za ta zama tamkar tana kan wayifai ɗin gidanku, sai ka buɗe akwatin yadda ka saba. Fitacciyar manhajar wannan aiki ita ce WireGuard. Kyauta ce, kuma an baje asirin ƙirarta a fili, tun 2020 ma aka shigar da ita cikin zuciyar babbar manhajar Linux, saboda haka babu wani manaja da zai wayi gari ya ce ya kashe ta. Wanda yake da adireshi nasa na kansa zai iya ɗora ta a kan rawuta, ya haɗa da hidimar da take bin sawun adireshin idan ya canza, irin su DuckDNS. Mu 'yan gidan haya kuwa akwai Tailscale da ZeroTier, waɗanda suka iya sada na'ura biyu ko da kowaccensu tana bayan katanga. Idan akwatin tsoho ne ba ya ɗaukar waɗannan manhajoji, sai a ajiye masa mai gadi a gefe, 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, ko tsohuwar laftof da aka yi ritaya. Ita za a ɗora wa manhajar, ta karɓe ka ta raka ka wurin akwatin, shi kuma a hana shi leƙa intanet kwata-kwata.

Na san wani zai yi tsalle ya ce, "Malam, an gudu ba a tsira ba, ai Tailscale ma kamfani ne, wani dillalin ka kawo mana." Gaskiyarka, kamfani ne, kuma shi ma zai iya rufewa ko ya sa kuɗi gobe. Bambancin shi ne wannan dillalin ba a jikin akwatin aka dasa shi ba. Kai ka ɗauko shi, kai za ka sallame shi. Ranar da ya tafi, akwatinka da kayanka suna nan yadda suke, ka ɗauko ZeroTier, ko ka kafa Headscale wadda take yin aikinsa a kan kwamfutarka, ko ka kama hayar 'yar uwar garke ta 'yan daloli a wata, akwatin da wayar su riƙa haɗuwa a can. Ba ina cewa kada a yi hulɗa da kowa ba ne. Cewa nake yi kada ka yarda da auren da babu saki a cikinsa.

Wani kuma zai ce, "Da wace wutar?" Wannan tambaya ce ta gaskiya, ba zan yi mata kwana-kwana ba. Akwatin da yake a kashe babu VPN ɗin da za ta tashe shi, kuma ɗauke wuta bagatatan tana lalata faifan ajiya. Raspberry Pi wutar da take ci ba ta kai ta tsohon ƙwan fitila ba, ƙaramin batirin sola zai riƙe ta tare da rawuta. Tsohuwar laftof kuma tana da batirinta a jiki, idan aka ɗauke wuta ba ta faɗuwa nan take. Wanda bai da ko ɗaya daga cikin waɗannan, to gaskiya akwatin gida ba nasa ba ne tukuna, kuma babu abin kunya a ciki. Mu fa rubutu muke ajiyewa ba fim ba. Littafi mai kalma dubu 100, in zallar rubutu ne, bai kai megabait ɗaya ba. Duk abin da marubuci zai rubuta daga yau har ya koma ga Mahaliccinsa ba zai cika filashi mafi araha a kasuwa ba. To ina uzurin?

Ga irinmu ma akwai wata manhaja da ta fi akwatin dacewa, sunanta Syncthing. Ita ma kyauta ce kuma a buɗe take. Za ka nuna mata jakar da kake ajiye rubutu, duk abin da ka ƙara a waya ta kwafe shi zuwa kwamfuta, duk abin da ka gyara a kwamfuta ta mayar da shi waya, ba tare da an ajiye shi a gidan wani kamfani ba. Amma a kula, madubi ce, idan ka goge a nan za ta goge a can, sai fa in ka kunna mata tsarin adana tsofaffin kwafi. Ka kunna shi tun ranar farko.

Sai masu cewa ai Google ya fi ka iya ajiya, ɗakinka zai iya cin wuta, ɓarawo zai iya shiga, faifai zai iya mutuwa. Duk gaskiya ne, kuma ban ce a ƙaurace wa gajimare ba. A yi amfani da shi, amma a matsayin ɗan rakiya, kada ya zama shi ne uban tafiya. Masana ajiya suna da ƙa'ida mai sauƙi: kwafi 3, a kan abubuwa iri 2, guda 1 a wani wuri dabam. Wato ɗaya a kwamfuta ko waya, ɗaya a akwati ko filashi, ɗaya kuma a wajen gidan gaba ɗaya. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta lashe dubban shaguna a dare ɗaya, ba sai an yi masa dogon bayani a kan na ukun nan ba. Na ukun zai iya zama gajimare, zai iya zama gidan yayarka. Me zai hana ma marubuta su yi adashen ajiya? Ni in riƙe maka filashinka a Kano, kai ka riƙe mini nawa a Katsina, kowa ya sa wa nasa kalmar sirri, duk wata uku a sabunta. Ƙungiyoyin marubuta da muke da su birjik, masu taro duk wata a sha lemo a watse, ga aikin yi nan. Kuma idan littafi ya kammala, a gurza shi a takarda ko kwafi ɗaya ne a sa a adaka. Takarda ba ta taɓa tambayar kowa kalmar sirri ba.

Magana ta ƙarshe ita ce wadda ba ma son ji. Duk mai rai mamaci ne. Tun daga Disambar 2023 Google ya fara aiki da dokarsa cewa asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba zai iya share shi da duk abin da ke ciki. Yanzu a ce marubuci ya faɗi ya mutu da littafi biyar da ba a buga ba, duk suna can. Iyali suna ta jimami, kafin a raba gado, kafin wani ya tuna, kafin a gano kalmar sirri, shekara biyu ta shuɗe. Marubutan da suka riga mu sun bar kundaye a akwatin ƙarfe, magada suka buɗe suka gani. Mu me za mu bari? Waya a kulle da lambar da babu wanda ya sani? Akwatin da ke ɗaki, wanda yake buɗuwa ba da iznin kowa ba, shi magada za su iya gada. Ka rubuta inda kayanka suke da makullansu a takarda, ka liƙe a ambulan, ka ba wanda ka amince wa, kamar yadda ake ajiye takardar gida.

Ni dai na faɗi tawa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Daren yau kafin ka kwanta, ka tambayi kanka kwafi nawa littafin da kake rubutawa yake da shi, kuma wa yake riƙe da makullin kowanne. Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, musamman 'yan gayen kilawud, fili a buɗe yake, ya kawo hujjarsa da shekarunta yadda na kawo tawa. Allah Ya tsare mana guminmu, Ya raba mu da da-na-sani. Wassalam.